GIDA DA LAFIYA: Maganin Laima A Ɗakunan Ƙasa Na Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Agusta ya san garin yana da wata irin damina wadda ba a saba da ita a Kano ko Sakkwato ba. A can in an yi ruwa da dare, kafin azahar rana ta busar da ƙasa, mata sun shanya kaya sun kwashe. A Jos kuwa sai a jera kwana uku ko huɗu ana yayyafi, gajimare ya lulluɓe kan duwatsu, rigar da aka shanya ranar Litinin ta kai Laraba da sauran danshi a jikinta. Baƙi sukan yi sha'awar wannan sanyi, har su riƙa cewa mutanen Filato a Turai suke zaune. Amma masu gidaje da 'yan haya sun san abin da ke bin bayansa, watau laima, wadda takan shiga ɗaki ba sallama, ta ɓata bango, ta ruɓar da kaya, ta bar yara da tari.

A wannan mako filin nan zai duba inda laima ta fi yin ɓarna, watau ɗakin ƙasa, da kuma yadda za a yi amfani da kayan ɗumama ɗaki da na sanyaya shi domin a rage ta. Gaskiya ne gidajen Nijeriya ba su cika samun ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ba, irin wanda ake yi a Kanada da arewacin Amurka, inda tilas a haƙa harsashi da zurfi saboda ƙasa takan daskare da hunturu. To, amma Jos gari ne na tudu da gangare. Wanda ya sami fili a gefen tudu yakan yanke ƙasar ya yi gini, sai a ga ƙofar gida daidai da titi, ta baya kuwa akwai wani ɗaki a ƙasa, bangonsa ɗaya ko biyu yana jingine da tudun. Wasu sukan mai da irin wannan ɗaki sito, wasu shago, wasu kuma su ba ɗalibai ko sabon ango haya domin kuɗinsa da sauƙi. Abin da za a faɗa a nan ya shafi waɗannan ɗakuna, ya kuma shafi kowane ɗaki da ke cikin kwari wanda rana ba ta leƙa shi sosai.

Dalilin da ya sa Jos ta bambanta ba ɓoyayye ba ne. Garin yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, watau ƙafa 4,000. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,400, kusan ninki biyu ke nan na abin da Katsina ko Sakkwato kan samu. Yakan fara daga Afrilu ya kai Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. A cikin waɗannan watanni biyu zafin rana galibi ba ya wuce digiri 25 a ma'aunin santigiret, da dare kuma ya sauko wajen 17. Ga ruwa mai yawa, ga rana kaɗan, ga dutse a ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya barin ruwa ya nutse da sauri. Waɗannan uku su ne iyayen laima.

Mutanen dā sun san haka, sun kuwa yi gini daidai da shi. Birom da Anaguta da Afizere sun zauna cikin ɗakunan laka masu jinka, suna hura wuta a ciki lokacin sanyi, hayaƙi da tururi su bi ta jinka su fita, rumbunsu kuma a bisa duwatsu yake don kada gindinsa ya taɓa ƙasa. Turawan kuza, waɗanda suka fara hawowa Filato a 1902, suka ƙaru bayan jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, sun gina gidaje masu murhu a falo da bututun hayaƙi har saman rufi. Waɗanda ba su sami ko ɗaya ba sun ji jiki. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, an ɗebo dubban mutane daga larduna masu zafi aka kawo su aikin kuza na tilas, aka zuba su cikin barikoki marasa kyau, da yawansu kuwa ciwon ƙirji ya kashe su.

Abin lura a nan shi ne, jinkar Birom da murhun Bature dabara ɗaya ce, watau a sami ɗumi a ciki, a kuma sami hanyar da iska za ta fita. Gidan zamani kuwa na bulo da siminti da kwano da tagogin gilashi ya rasa duka biyun. Ba wuta a ciki, ba kuma mafita, sai ruwa ya zauna.

ABIN DA LAIMA KE CI

Kada a ɗauka zancen ɓacin fenti ne kawai. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji musamman a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa masu zama a ɗaki mai laima sun fi kamuwa da tari da shaƙewar numfashi da cututtukan huhu, masu asma kuma ciwonsu ya fi tashi. Jarirai da tsofaffi su ne suka fi shan wuya. Sau da yawa uwa takan yi ta kai yaro asibiti, a ba shi magani ya sami sauƙi, a mai da shi ɗakin nan dai da ya jawo ciwon, bayan mako biyu tari ya dawo.

Bayan lafiya akwai dukiya. Atamfa da shadda da aka adana cikin akwati sukan fito da ɗigo-ɗigon baƙi wanda sabulu ba ya fitarwa. Takardun makaranta da na fili sukan manne da juna. Takalmin fata ya yi kore, keken ɗinki ya yi tsatsa, wayoyin lantarki cikin bango su riƙa jan mutum. Mafi hatsari kuwa shi ne hatsi. Masara da gyaɗa in suka sha laima sukan yi wata fumfuna mai fitar da dafi, wanda masana ke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Dafin nan yana lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kawar da shi. Saboda haka ɗan kasuwar da ya jibge buhunan masara a ɗakin ƙasa yana jiran tsada, ya sani ba kuɗinsa kaɗai ya sa cikin hatsari ba.

A FARA SANIN INDA RUWAN YA FITO

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin mai gida ya kashe ko kwabo wajen sayen wata na'ura, wajibi ne ya san ta inda ruwan ke shigowa, domin hanyoyinsa uku ne. Na farko ruwan sama da ke bin gangare ya taru a bayan bango, ko ya zubo daga kwano ya riƙa dukan gindin gini. Na biyu ruwan da ke tasowa daga ƙasa ya hau bulo kamar yadda kananzir ke hawan lagwani, alamarsa kuwa ita ce wani farin gari mai kama da kanwa, da fenti mai kumbura, daga daɓe zuwa kamar ƙugun mutum. Na uku ruwan da ke cikin iskar ɗakin kanta, wanda ke sauka bisa bango mai sanyi kamar raɓa.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe su. A sami leda mai kauri, faɗinta kamar kamu ɗaya, a manna ta a bango ko a daɓe, a liƙe gefunanta duka huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. In an tarar da jiƙa a bayan ledar, tsakaninta da bango, to ruwan daga cikin gini ko ƙasa yake fitowa. In kuwa fuskar ledar ta waje ce ta yi gumi, to daga iskar ɗaki yake. In duka biyu ne, aiki ya zama biyu.

Muhimmancin gwajin shi ne, hita da fanka da iyakwandishan duk ruwan iska kaɗai suke iyawa da shi. Ruwan da ke ɓulɓulowa daga tudu ya fi ƙarfinsu, wanda ya sa su wannan aiki kuwa kamar mai kwarfe rijiya ne da ludayi. Maganin wannan aikin magini ne. A sa indararo a bakin kwano, a kai ruwan nesa da gini. A gyara ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje, a ƙalla santimita 15 cikin mita 3 na farko. A haƙa magudana a bayan bangon da ke jingine da tudu, a shafe bangon da kwalta ta waje, a cika ramin da tsakuwa don ruwa ya sami hanyar wucewa. Mai sabon gini kuwa kada ya yarda a zuba kankaren daɓe sai an shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa, domin kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka gwada da gyaran baya.

Wanda ke son ya ga yadda ruwan Filato ke yi da gini, sai ya leƙa wajen gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A gefensa akwai filin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da sashen fadar Katsina, duk da ƙasa irin ta magabata. Ginin da zai daɗe a busasshiyar ƙasar Hausa, a nan kowace damina sai ta ci rabonta daga jikinsa, ba ya tsayuwa sai da gyara a kai a kai.

YADDA ISKA KE ƊAUKAR RUWA

In an toshe hanyoyin nan biyu na farko, saura ta uku, ita ce kuwa ake bukatar a fahimce ta sosai. Iska kamar soso take, tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya dogara ga zafinta. In aka auna iska mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, a digiri 30 tana iya riƙe giram 30 na ruwa. A digiri 25 giram 23, a digiri 20 giram 17, a digiri 15 kuwa giram 13 kawai. Ke nan ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayinsa mita 3, in iskarsa ta cika da ruwa a digiri 25, tana ɗauke da lita ɗaya da ɗoriya. In ta huce zuwa digiri 15, kusan rabin lita tilas ya sauka a wani wuri. Abin da ake gani ke nan a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Ruwan da ke gangarowa a jikinta ba daga ciki ya fito ba, na iskar da ta taɓa ta ne.

To, bangon ɗakin ƙasa shi ne kwalbar. Yana jingine da ƙasa mai sanyi, rana ba ta dukansa. Alal misali, in iskar waje tana digiri 24, ta kuma ɗauki kashi 80 cikin 100 na abin da za ta iya, kamar yadda akan samu a tsakiyar damina, to tana da giram 17 ke nan. Da zarar ta shiga ta taɓa bangon da ya sauko digiri 20 ko ƙasa da haka, sai ta fara zubar da shi. Fumfuna ma ba ta jiran a kai ga haka. In laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100, ta sami wurin zama. Abin da ake so shi ne a riƙe ta ƙasa da kashi 60. Akwai ɗan ma'auni mai batir, kamar agogon tebur, wanda ke nuna zafi da laima tare, ya kamata duk mai irin wannan ɗaki ya mallake shi, don ya daina aiki da zato.

AIKIN ƊUMI

Daga lissafin nan za a gane dalilin da ya sa ɗumi ke da amfani. Iskar da ke ɗauke da giram 15 a digiri 20 laimarta kashi 87 ce. In aka ɗumama ta zuwa digiri 25, ba tare da an cire ko ɗigo ba, sai ta koma kashi 65. Bango ma in ya yi ɗumi ya daina gumi. Amma fa ruwan yana nan bai je ko'ina ba, iska ce ta sake ɗaukarsa, har ma ta ƙara tsotso wani daga katifa da tufafi. In aka kashe hita aka bar ɗaki a rufe, da asuba duk ya dawo. Saboda haka ƙa'idar ita ce a ɗumama, sa'an nan a buɗe wa iskar hanya ta fita da kayanta. Ɗumi kaɗan na tsawon lokaci kuma ya fi zafi mai yawa na rabin sa'a, domin bangon kankare ba ya ɗaukar zafi da sauri.

Sai dai ba kowace wuta ce ke busarwa ba. Hitar lantarki busasshen zafi take bayarwa. Murhu mai bututun hayaƙi shi ma haka, har ya fi, domin yana jan iskar ɗaki ya fitar ta sama. Wanda ya gaji tsohon gida mai irin wannan murhu, ya toshe shi don ado, ya yi asarar abu mai amfani. Risho da gas kuwa akasin haka suke yi. Kowace lita ta kananzir da aka ƙona tana sakin kimanin lita ɗaya ta ruwa cikin iska, kilo ɗaya na gas kuma kimanin lita ɗaya da rabi. Wanda ya kunna risho don ya busar da ɗaki, jiƙa shi yake yi.

Kaskon gawayi kuwa zancensa ya wuce na laima, zance ne na rai. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci da ciwon kai, mutum ya wuce cikin barcinsa. Irinta ce ke fitowa daga janareta, ta kuwa sha hallaka iyali guda cikin dare ɗaya a ƙasar nan. Ɗakin ƙasa mai ƙarancin taga shi ne mafi munin wurin da za a kai kasko. Kada a kwana da shi ko da sanyi ya kai yaya, kada kuma a ajiye janareta a ciki ko a bakin tagarsa.

AIKIN IYAKWANDISHAN

Mutane da yawa ba su san cewa asalin iyakwandishan don laima aka ƙirƙire shi ba. A 1902, shekarar nan da Turawan kuza suka fara hawowa Filato, wani injiniya mai suna Willis Carrier ya tsara shi domin wata maɗaba'a a Amurka, inda laima ke kumbura takarda launuka su ƙi hawa daidai. Yadda yake aiki shi ne, yana jan iskar ɗaki ya bi da ita ta kan wasu bututai masu sanyi ƙwarai, ruwan ya sauka a kansu kamar a jikin kwalbar nan, ya bi ta tiyo ya fita waje. Ruwan da ake gani yana ɗiga a bayan gida, daga cikin ɗaki aka ciro shi.

A Legas ko Fatakwal, inda zafi da laima ke tafiya tare, wannan na'ura takan yi aiki biyu a lokaci guda. A Jos kuwa akwai matsala, domin laima da sanyi ne ke tafiya tare. Ɗakin ƙasa da ma yana da sanyi, saboda haka in aka kunna, cikin 'yan mintoci ya kai sanyin da aka sa masa, injin ya tsaya, ruwan da ya cire bai kai komai ba. Sai a sami ɗaki ya ƙara sanyi, bango ya ƙara sanyi, laima kuwa tana nan, wani lokaci ma ta ƙaru. Wanda ya sayi babba yana zaton ya fi ƙarfi, shi ya fi faɗawa cikin wannan, domin babba ya fi saurin tsayawa.

Mai son amfani da shi a irin wannan ɗaki sai ya kiyaye abubuwa kaɗan. Ya zaɓi ƙarami wanda zai daɗe yana aiki a hankali. Ya duba rimot ɗinsa, akasarin na zamani suna da alamar ɗigon ruwa, wadda in aka danna sai fankar ta rage gudu, iska ta daɗe bisa bututan, a cire ruwa da yawa ba tare da sanyi mai yawa ba. Kada ya sauke lambar zuwa 16 ko 18. Ya rufe ƙofa da taga yayin da yake aiki, in ba haka ba garin Jos duka yake ƙoƙarin busarwa. Kada ya bar fankar ita kaɗai tana juyawa bayan injin ya tsaya, domin takan kwaso ruwan da ke bisa bututan ta mayar ɗaki. Ya riƙa wanke ragar da ke tace ƙura. Daga ƙarshe ya duba inda tiyon ke zubarwa. Sau da yawa akan bar shi yana ɗiga a gindin bangon nan dai, ruwan da aka fitar ta sama ya komo ta ƙasa.

Akwai kuma wata na'ura da ta fi dacewa da Jos, watau na'urar tsotse laima. Ƙaramin akwati ne mai taya, cikinsa kamar na firiji. Tana sanyaya iska ta cire ruwan ta tara a bokiti, sa'an nan ta sake ɗumama iskar kafin ta sake ta, ɗaki ya bushe ya kuma ɗan yi ɗumi. Ƙaramarta ba ta cin wuta kamar iyakwandishan, ba ta kuma bukatar a fasa bango. Sai dai ita ma a rufe ɗaki, a riƙa zubar da bokitin nesa da gini.

FANKA DA TAGA

Ba kowa ke da halin sayen waɗannan ba, wutar lantarki kuma ba kullum take nan ba, ga tsada. To, akwai abin da talaka zai koya daga manyan gine-gine. A otal-otal da bankuna da asibitoci masu na'ura guda wadda ke rarraba iska ta bututu, haka ma gidajen Amurka masu ɗakin ƙasa, ƙa'idar ita ce kowane sashe ya sami inda iska ke shiga da inda take komawa. Ɗakin da aka ba mashiga ba mafita, iskarsa ba ta canjawa. Haka nan ba a jan iska daga inda wuta ke ci, don kada a rarraba hayaƙi cikin gida.

A ƙaramin gida ana samun wannan da ƙaramar fankar nan mai fitar da iska, wadda akan sa a banɗaki. A kafa ta a sama jikin bangon waje tana hurawa waje, a bar ƙofar da ta haɗa ɗakin da sauran gida a buɗe da rana, ko a rage ƙasan ƙyauren da ɗan yatsa biyu. Ta haka iskar sama, wadda ta fi ɗumi, za ta riƙa saukowa tana maye gurbin ta ƙasa. Kada dai a kunna ta yayin da wuta ke ci a murhu, domin tana iya jawo hayaƙi ya dawo. Fankar sama ko ta tsaye ita kaɗai ba ta cire ruwa, amma tana hana iska kwanciya a lungu da bayan kabad, inda fumfuna ke fara fitowa.

Buɗe taga kuma yana da lokaci. Ba a buɗewa ana yayyafi, ko nan da nan bayan ruwa sa'ad da ƙasa ke tururi. Hantsi zuwa azahar na ranar da gari ya washe ya fi. Ga wata dabara ta tabbatarwa: a ajiye kwalbar gilashi cike da ruwa a daɓen ɗakin ta kwana, don ta ɗauki sanyinsa. In ana son buɗewa a fito da ita waje cikin inuwa, a goge ta, a jira mintoci kaɗan. In ta yi gumi, to abin da bango zai yi ke nan, a bar taga a rufe. In ta zauna a bushe, a buɗe duka.

Sauran aikin na mutanen gida ne. Mutum guda yana fitar da kusan sulusin lita na ruwa ta numfashi da fata cikin barcin dare ɗaya, ke nan mutum biyar a ɗaki ɗaya sun zuba lita ɗaya da rabi kafin asuba. Wanki guda da aka shanya a ciki yana ƙara lita biyu ko fiye. Saboda haka a kai shanya baranda ko da za ta daɗe, kada a yi girki a ɗakin, a janye gado da kabad daga bango kamar taƙi ɗaya, a ɗaga katifa daga daɓe. Buhuna kuwa a ɗora su bisa katako, kamar yadda magabata suka ɗora rumbu bisa duwatsu, kada kuma a shigar da hatsi sai ya bushe sarai. Inda fumfuna ta riga ta fito a wanke ta da ruwa da sabulu, a rufe hanci da baki, a busar da wurin. Shafa fentin mai ko manna tayil a kan jiƙaƙƙen bango rufe ciwo ne da tsumma, ruwan sai ya ƙara hawa sama ya ɓullo.

Allah cikin ikonsa ya ba Jos maganin da ba a saye, watau hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan bushe har leɓe ya tsage. Lokacin ne ya kamata a buɗe ɗakunan nan dare da rana, a fitar da kaya, bango ya amayar da abin da ya sha, a haƙa magudana, a shafa kwalta, a gyara indararo, sa'an nan a yi fenti. Wanda ya bari sai Yuni ya kira magini, ya makara.

Masu ba da haya su ma akwai magana a kansu. Yaɓe ɗaki da fenti a watan Janairu a ba baƙo haya, alhali an san yadda yake zama a Agusta, ba ciniki ba ne na amana. Mai neman ɗaki shi kuma ya duba gindin bango, ya shinshina, ya tambayi maƙwabta. Akwai kuma wuraren da ba laima kaɗai ake tsoro ba. A watan Yuli na 2012 ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare da wasu unguwannin da ke kusa da rafi, ta rushe gidaje da yawa, fiye da mutum 30 suka rasu. Ɗakin da ke ƙasa da hanyar ruwa a irin waɗannan wurare bai kamata ya zama wurin kwana da damina ba, ko da wace irin na'ura aka sa a ciki.

A taƙaice dai, a tare ruwan waje tukuna, sa'an nan a ba ɗaki ɗumi, a ba iska hanya, na'ura kuwa a sa ta aikin da ta iya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare gidaje da masu gidaje.